Idan 'yan sanda sun kama ɗan'uwanka a Abuja

Da farko, je caji ofis ka tambayi laifin da ake tuhumarsa da shi. Rubuta rana da lokacin da aka kama shi.

Ja masa kunne kada ya sa hannu a kowace takarda sai lauya ya iso. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba shi damar yin shiru.

Sai ka fara ƙirga awanni. Inda kotu ba ta wuce nisan kilomita 40 ba, kamar a Wuse ko Garki, kwana ɗaya doka ta ba su su gurfanar da shi. Beli kuwa kyauta ne, kada ka ba da ko sisi, kuma mace ma tana iya tsaya masa.

In wa'adin ya wuce, kai ƙorafi Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da ke Maitama.