Kafin ka sayi tocilar aljihu, kwance gindinta ka duba batir

Gyaran injin ban-ruwa nake yi a Argungu, kuma duk wanda ya taɓa noman rani na shinkafa ya san inji ba ya duba agogo kafin ya lalace. Sau da yawa sai bayan isha'i ake kirana daga fadama, ruwa ya tsaya, mai gona hankalinsa a tashe. Shi ya sa tocila ba ta barin aljihun rigata, tare suke kwana da makullin babur. Fitilar waya ba ta yi mini wannan aiki. Ba ta kai haske nesa, tana cinye cajin da zan kira gida da shi, ga shi ba a riƙe waya da haƙori alhali hannu biyu na cikin kafireto.

Tocila huɗu na kashe kafin na gane inda gizo yake saƙar, kuma ta ukun ce ta fi yi mini ciwo. Wani abokina ya kawo mini ita tsaraba daga Kano, 'yar ƙarama ta alminiyam mai cin batir ɗaya irin na agogon bango, wato AA. Ɗan yayata da ke koyon aiki a wurina ya dawo daga kasuwa wata rana da murnarsa, ya miƙo mini wani batir mai shuɗiyar leda. Ya ce, "Kawu, ga wanda ake cajawa, ka huta da sayen batir kullum." Tsawonsa da kaurinsa daidai da AA, ya shige kamar don ita aka yi shi. Na danna makunni, ta haska kamar fitilar mota, muna cikin yaba ta sai hasken ya koma shuɗi-shuɗi, ya mutu, ƙauri ya biyo baya. Da na juya batir ɗin sai na ga an rubuta 14500 da 3.7V.

Daga nan zan fara, domin nan ne mutane suka fi yin asara. Girman batir daban, ƙarfin wutarsa daban, kuma ƙarfin shi ne lambar da ke gaban harafin V. Batir AA na kanti, ko Tiger Head ne ko alkalin irin su Duracell, 1.5V ne. Akwai AA na caji da ake rubuta wa NiMH, shi 1.2V ne, kuma kusan duk tocilar da ke cin AA tana karɓarsa lafiya. Shi kuwa 14500 litiyam ne, dangin batir ɗin waya, 3.7V aka rubuta masa, amma idan ya cika caji yana kai 4.2V, kusan ninki uku ke nan na abin da tocilata ta saba sha. Haka 10440 yake da girman ƙaramin batir na rimot, AAA, shi ma tarkon iri ɗaya ne. In tocila mai cin AA biyu ce ka zuba mata 14500 biyu, ka ba ta 8.4V a inda take jiran 3V.

Saboda haka in mai kaya ya miƙo maka tocila, kada ka fara da kunnawa. Nemi kwalinta ko takardar ciki, ka duba inda aka lissafa baturan da take ci. In ka ga an rubuta AA da 14500 tare, ko an ba da tazara kamar 0.9V zuwa 4.2V, to mai cin tuwo biyu ce, kuma ita nake ba mutumin da ke yawan shiga ƙauye shawara ya saya. Litiyam zai ba ta cikakken haske, in ya ƙare kana wani ƙauye babu wuta, kowane mai tireda yana da AA. Hasken zai ragu sosai, amma za ka ga hanya. In kuwa babu kwali babu takarda, ɗauka cewa AA kaɗai take ci, ko da mai kaya ya rantse.

Sai babban yaya, 18650. Lambar ba ado ba ce, awo ne: kauri milimita 18, tsawo milimita 65. Shi ne a cikin batir ɗin tsofaffin kwamfutocin cinya, shi ya sa ake samunsa birjik wurin masu gyara, an ɓalle an jera. Tocilar da ke cinsa ta fi kauri, tana jan aljihu, amma wutar da yake ɗauka ta ninka ta 14500 sau uku ko fiye. A nan akwai wani abu da ke ruɗa mutane. NiMH mai kyau kamar Eneloop yana da wajen 2000mAh (mAh shi ne awon yawan cajin da batir ke ɗauka), 14500 kuwa bai cika wuce 1000mAh ba, sai mutum ya ɗauka na farkon ya ninka na biyun. Sai ka ninka kowace lamba da V ɗinta tukuna. 2000 sau 1.2 ya ba ka 2400, 900 sau 3.7 ya ba ka 3330, ka ga ashe ƙaramar lambar ce a gaba.

18650 kuma ba duka ne ɗaya ba. Wani kansa a shafe yake, wani yana da ɗan tsini a kai. Wasu tociloli an yi musu kariya don kada a saka batir a juye, irin waɗannan mai shafaffen kai ba ya taɓa inda ya kamata ya taɓa, sai ka rantse tocilar ta mutu alhali lafiyarta ƙalau. Akwai kuma wanda aka liƙa wa ɗan faifan kariya a gindi, mai yanke wuta idan caji ya yi yawa ko ya yi ƙasa ƙwarai. Wannan yana da kyau, sai dai yana ƙara masa tsawo har wajen milimita 69 ko 70. Gwada shi a gaban mai kaya. In murfin ya ƙi ɗauruwa har ƙarshe, kada ka matsa da ƙarfi, za ka lotsa batir ko ka kashe sifirin. In kuma ka girgiza ka ji yana ƙwal-ƙwal, ko hasken yana ƙiftawa idan ka buga ta a tafin hannu, batir ya yi mata gajarta, kuma a kan babur a hanyar fadama haka za ta yi ta ɗaukewa.

Game da lambobin ƙarya kuwa, 18650 na gaske daga manyan kamfanoni irin su Samsung, LG da Panasonic yawanci tsakanin 2500 ne da 3500mAh. Duk wanda ka ga an buga masa 8800 ko 9900mAh, ajiye shi. Na gaske yana da nauyin wajen giram 45 zuwa sama kaɗan. Ni ina tafiya kasuwa da nawa guda ɗaya da na yarda da shi, in ɗora shi a hannun dama, na mai kaya a hagu. Na bogi kana ɗagawa za ka ji shi fayau kamar kara. Na taɓa yi wa wani mai kaya haka, ya yi dariya ya ce, "Malam, kai dai ba ka zo saye ba, bincike ka zo." Ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya fito da wani daban.

Yanzu sai a kunna. Lambar lumen, wato awon ƙarfin haske, da ke jikin kwali ita ce ta fi jan ido, ita ce kuma na fi rainawa. 'Yar tocilar da ba ta kai tsawon tafin hannu ba in ta ce lumen 1000, ko da gaskiya ne na ɗan lokaci ne, tana zafi za ta rage da kanta don kada ta ƙone. Bar ta a kunne a mataki mafi ƙarfi minti uku kana kallo, abin da ya rage bayan nan shi ne haskenta na gaskiya. Awannin da ake rubutawa ma, a ƙa'idar da kamfanoni ke bi ana ƙirga su ne har sai haske ya sauka zuwa kashi 10 cikin 100 na farkonsa, don haka awa biyar ɗin kwali ba awa biyar ta haske mai kyau ba ce. Abin da na fi dubawa shi ne ƙaramin mataki. Da shi nake duba fulogi ba tare da ƙarfe ya kashe mini ido ba, da shi nake neman takalmi da asuba ba na tashin yara, kuma shi ne ke kai batir kwanaki. Kaɗa hannunka da sauri a gaban hasken a wannan mataki, in ka ga yatsunka sun rarrabu kamar ana ɗaukar hoto, hasken yana ƙyafƙyaftawa ne, zai gajiyar da ido a dogon aiki. Tocilar da dole sai ka ratsa ta cikin walƙiya irin ta motar 'yan sanda kafin ka kashe ta, ni dai ba na saye.

Siffar hasken ma ka duba ta a bango. Mai tafiya a kan kunyar gona da dare yana son faɗi a gaban ƙafarsa, saboda kububuwa da kunama ba daga nesa suke ba. Mai gadi ne ke buƙatar mai tsini da ke kai nesa.

Ruwa da ƙura abu ne mai sauƙin dubawa. Kwance murfi ka ga ko akwai zoben roba a bakin zaren. Duba kuma lambar IPX a kwali, mai nuna juriyar ruwa: IPX4 yayyafi kawai take jurewa, IPX7 kuwa an gwada ta cikin ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30. In mai ramin caji ce a jiki, ɗan murfin robar nan shi ne farkon abin da ke tsinkewa, daga nan ƙurar hunturu ta samu ƙofa. Gwada cajin da igiyarka tun a kasuwa, don wasu masu arha ba sa karɓar igiyar da bakinta biyu duka USB-C ne. Wadda aka rufe batir ɗinta a ciki ba ya fita kuwa, ranar da batir ya mutu ita ma ta bi shi.

Bayan ka kai ta gida, abin da ya rage riƙo ne. Zafin Afrilu a nan yana wuce digiri 40, kuma litiyam ba ya shiri da zafi, kada ka bar shi cikin akwatin babur a rana. Kada ka jefa shi tsirara cikin aljihu tare da makulli, ƙarfe yana haɗa kai da gindi ya yi zafin da zai ƙona ka. Ni a cikin guntun tiyo nake saka na ajiya, in toshe bakin biyu. Wanda ledarsa ta yage ko ya lotse, ka daina amfani da shi. Cazar NiMH daban, ta litiyam daban, sai in an rubuta tana yin duka biyu, alkalin kuwa ba a cajinsa sam. Shi alkalin aibinsa zubar da ruwa, in ya daɗe a ciki sai ka tarar da farin gari ya cinye sifirin, abin da ya kashe mini tocila ta biyu ke nan. In tocilarka mai makunni a gefe ce, tana iya ɗan shan wuta ko a kashe take, kuma tana iya kunna kanta a aljihu. Sassauta murfin gindi kaɗan, kamar rubu'in juyi, a yawancin na alminiyam wannan yana yanke wutar gaba ɗaya.

Wadda ke aljihuna yanzu mai cin AA da 14500 ce, shekararta ta biyu ke nan, fentin bakinta duk ya goge saboda haƙorana. Ɗan yayata ne ke cajin baturan, kuma tun daga waccan rana ba ya miƙo mini ko ɗaya sai ya ɗora masa mitar awon wuta. In ya ga 4.2 ko kusa da haka ya ce, "Kawu, wanga ya cika." In ya ga ya sauka ƙasa da 2.5, sai ya ware shi cikin gwangwanin da muke tara matattu.