Yadda ɗalibin injiniya zai samu gurbin IT a hukumomin da ke tsara manufofin gwamnati

Kuɗin da ake cajinka a kan kowane yunit na wuta, da wurin da aka yarda kamfanin waya ya kafa turke, da lokacin da za a saki ruwan madatsar Tiga, duk a takarda ake yanke su kafin su iso unguwa. Masu rubuta irin waɗannan takardu lauyoyi ne da masana tattalin arziki da ma'aikatan mulki, kuma kullum suna neman wanda zai faɗa musu ko lissafin da ke cikin takardar zai yi aiki a fili. Ɗalibin injiniya da ke son koyon wannan aiki tun yana makaranta yana da ƙofa a buɗe, sai dai yawancin ɗalibai ba su san ta inda ake shiga ba.

Ƙofar ita ce SIWES, shirin tura ɗalibai wuraren aiki domin sanin makamar aiki, wanda ɗalibai suka fi sani da IT. Hukumar ITF mai kula da horas da ma'aikata, da aka kafa a 1971, ita ta ɓullo da shirin a 1973. A jami'o'i, ɗaliban injiniya kan yi wata shida a aji huɗu. A kwalejin kimiyya da fasaha kuwa wata huɗu ne bayan shekarar farko ta ND, sannan ga shekara guda ta sanin makamar aiki tsakanin ND da HND. Wannan shekara gudan ta fi kowane lokaci dacewa, domin hukuma ta fi son wanda zai daɗe har ya fara amfanar ta.

Ka fara da sashenka

Kafin ka kai takarda ko'ina, je ka ga jami'in SIWES na sashenku. Dalili shi ne IT kwas ne mai maki, kuma sashe na da ikon ƙin amincewa da wurin da yake ganin babu aikin injiniya a ciki. Idan ka ce masa za ka je koyon tsara manufofi, zai iya cewa wannan aikin 'yan kimiyyar siyasa ne. Ka faɗa masa sunan hukumar, da sashen fasahar da kake nema a cikinta, da irin aikin da ake yi a can: duba ingancin layukan wuta, auna ƙarfin sabis, bibiyar ruwan madatsa. Ka tambaye shi ko lallai sai injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, zai riƙa sa hannu a logbuk ɗinka, wato littafin da kake rubuta aikin kullum, domin wasu sassan suna dagewa a kan haka. Wanda ya tsallake wannan mataki yakan samu gurbi a Abuja, ya biya kuɗin ɗaki, sannan makaranta ta ce ba ta san zancen ba.

Inda za ka nema

Mai karatun lantarki ya fara duba NERC, hukumar da ke sa ido a harkar wuta, da REA mai kula da kai wuta karkara, da NEMSA mai duba ingancin kayan wuta da mitoci. Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu, don haka ma'aikatun makamashi na jihohi su ma suna buƙatar hannu, kuma ba a cika yi musu rububi ba. Mai karatun sadarwa ko kwamfuta yana da NCC mai sa ido a harkar sadarwa, da NITDA mai kula da fasahar zamani, da hukumar kare bayanan jama'a ta NDPC. Mai karatun gine-gine da ruwa yana da NIHSA, wadda ke fitar da hasashen ambaliya kowace shekara, da Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Kaduna, da hukumomin raya kogunan Haɗeja-Jama'are da Sakkwato-Rima, da BPP mai tantance kwangilolin gwamnatin tarayya. Mai karatun sinadarai ko man fetur yana da NUPRC da NMDPRA masu sa ido a harkar man fetur da gas, waɗanda dokar man fetur ta 2021 ta samar, da NESREA ta muhalli.

Ba dole sai Abuja ba. NCC na da ofishin shiyya a Kano, hedikwatar hukumar kogin Haɗeja-Jama'are ma a Kano take, NERC kuma na da ofisoshin sauraron koken masu amfani da wuta a jihohi da dama. Akwai kuma ƙungiyoyi masu zaman kansu irin su CITAD mai aikin yaɗa fasahar zamani a Kano da BudgIT mai bibiyar kasafin kuɗi da ayyukan mazaɓu. Ka zaɓi wurare biyar ko shida, ka fara nema wata uku zuwa huɗu kafin ranar fita IT.

Takarda mai shafi biyu da za ta bambanta ka

CV ɗin ɗaliban aji huɗu kusan iri ɗaya ne: makarantar firamare, sakandare, jami'a, sai jerin manhajojin da aka taɓa buɗewa sau ɗaya. Abin da zai sa darakta ya ɗaga kai shi ne gajeriyar takardar shawara da ka rubuta da kanka a kan wata matsala da ke gaban hukumarsa. Nan ya kamata ka kashe mafi yawan lokacinka.

Ga misali daga harkar wuta. An kasa masu amfani da wuta rukuni biyar bisa awannin da aka yi musu alkawari a rana: Band A aƙalla awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. A watan Afrilun 2024 NERC ta ɗaga farashin Band A zuwa Naira 225 a kowane yunit, daga wajen Naira 68, ko da yake an ɗan sassauta daga baya. Shagon da ke shan yunit 300 a wata ya tashi daga biyan Naira 20,400 zuwa Naira 67,500. A umarnin hukumar akwai sharaɗin cewa idan kamfanin rarraba wuta ya kasa cika awannin nan kwana bakwai a jere, za a sauke layin zuwa rukunin da ya dace da wutar da yake samu.

To ka nemo wani layi da ke cikin Band A a garinku, a jerin da KEDCO ko Kaduna Electric ko kamfanin yankinku ya wallafa. Ka samu wani mai shago ko mai gida a kan layin, ku riƙa rubuta lokacin da aka kawo wuta da lokacin da aka ɗauke, har kwana talatin. Ka zuba alkaluman a Excel, ka fitar da matsakaicin awanni a rana, da yawan kwanakin da aka gaza kai awa 20, da kwanaki nawa ne suka zo a jere. Ka bambance ɗaukewar da ta shafi layin gaba ɗaya da wadda lalacewar taransifomar unguwa ta jawo, domin idan ka cakuɗa su injiniyan farko da ya karanta zai watsar da aikin. Ka kuma faɗi iyakar bincikenka a fili: wuri ɗaya ne, wata ɗaya ne, da hannu aka rubuta.

Tsarin takardar ya saba wa yadda aka koya maka rubuta rahoton ɗakin gwaji. A can sakamako ne ke zuwa ƙarshe. A nan shawararka ce za ta zo a layi uku na farko, domin mai karantawa zai iya tsayawa a nan. Sai bayanin matsalar a sakin layi ɗaya, sai alkaluma a tebur ɗaya ko zane ɗaya, sai hanyoyi biyu ko uku da hukuma za ta iya bi, kowace da kuɗinta da wanda zai amfana da wanda zai ji jiki. Ka ambaci doka ko umarnin da ya ba hukumar ikon yin abin da kake ba da shawara. Ɗalibai na yawan faɗuwa a nan: su ba NERC shawarar gina tashar wuta, alhali ita mai sa ido ce, ba ta gini. Lissafi mai tsawo kuma ka mayar da shi shafin rataye.

Mai karatun sadarwa zai iya ɗaukar batun kuɗin da jihohi ke karɓa kafin a binne wayar intanet a gefen titi. Farashin da aka amince da shi a matakin ƙasa Naira 145 ne a kowace mita, wato Naira miliyan 1.45 a kilomita goma. A ce wata jiha na karɓar Naira 3,000, wannan tazara za ta ci miliyan 30 tun ba a haƙa rami ba. Ka lissafa abin da jiha za ta rasa idan ta rage kuɗin, da abin da zai sauya a kuɗin kai waya ƙaramar hukuma mai nisa. Mai karatun ruwa kuma yana da ɓallewar madatsar Alau da ta jawo ambaliyar Maiduguri a watan Satumban 2024, sai dai ka taƙaita kanka ga tambaya ɗaya, kamar sau nawa ya kamata a duba madatsa da wa zai ga rahoton.

Alkaluman da ba ka iya tarawa da kanka, ka duba rahotannin da NERC ke fitarwa duk wata uku, da ƙididdigar da NCC ke sakawa a shafinta. Idan babu su a fili, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ka damar rubuta wa hukuma, kuma ta tanadi a ba da amsa cikin kwana bakwai. A aikace yakan wuce haka, don haka kada ka jingina dukan takardar a kan wannan amsa.

Wasiƙa da yadda ake kai ta

Da Turanci za ka rubuta, shafi ɗaya. Ka aika ta ga shugaban hukumar da muƙaminsa na daidai, ta hannun daraktan kula da ma'aikata. Muƙaman sun bambanta: NITDA darakta janar gare ta, REA manajan darakta, NCC mataimakin shugaba mai zartarwa. Ka duba shafin hukumar kafin ka buga, domin wasiƙar da ta ɓata muƙamin mai gida ba ta fara da ƙafar dama ba. A ciki ka faɗi kwas ɗinka da ajinka, ranar farawa da ranar gamawa, da sunan sashen da kake so. Idan ba ka ambaci sashe ba, za a iya tura ka duk inda aka ga kujera, ka ƙare wata shida a gaban injin hoton takardu. Ka haɗa da wasiƙar gabatarwa ta makaranta, CV shafi ɗaya, kwafin katin ɗalibi, da takardar shawararka.

Ka kai da hannu ofishin karɓar wasiƙu, da kwafi biyu. Su karɓi ɗaya, su buga wa ɗayan hatimi da kwanan wata su ba ka. Wannan kwafin ne hujjarka idan aka ce ba a ga takardarka ba. Ka tambayi ma'aikacin cikin ladabi teburin da wasiƙar za ta wuce, ka dawo bayan mako biyu ka bi sawu. Imel kaɗai ba ya wadatarwa a mafi yawan ma'aikatun gwamnati, amma ƙungiyoyi masu zaman kansu sun fi son sa. Idan malaminka ko wani ɗan ƙungiyar injiniyoyi ta NSE a reshen garinku ya san wani a ciki, ka roƙe shi ya miƙa takardar shawararka ga shugaban sashen kai tsaye. Duk wanda ya ce ka biya kuɗi a ba ka gurbin IT, ɗan damfara ne.

In an kira ka ganawa, tambayoyin ba sa wuce me hukumar ke yi, wace doka ta kafa ta, da me ya sa injiniya ke son zama a ofis. Za a kuma ja ka a kan alkalumanka. Inda ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, ka faɗi yadda za ka gano.

Batun kuɗi kuwa, kada ka dogara da alawus ɗin ITF, kaɗan ne kuma yakan makara. Wasu hukumomin na ba da ɗan abin mota, wasu ba sa bayarwa, don haka ka tambaya kafin ka karɓa. Idan Abuja ce, ka lissafa kuɗin mota na kullum daga Kubwa ko Nyanya ko Mararaba, inda akasarin ɗalibai ke samun masauki. Ɗaliba kuma ta tabbatar da masaukinta tun kafin ta amsa tayin.

Bayan an ɗauke ka

A makon farko ka cike fom ɗin shaidar fara aiki, a sa hannu, ka kai ofishin ITF mafi kusa, in ba haka ba sunanka zai iya faɗuwa daga jerin waɗanda za a zo dubawa. Logbuk kuma ka cike shi da harshen injiniya. "Na halarci taro" ba zai ba ka maki ba ranar kare rahoto. Ka rubuta abin da aka tattauna, misali asarar wuta a layin kilobolt 33, da lissafin da ka yi, da zanen da ka fitar. Ka roƙi a riƙa tafiya da kai duba ayyuka a fili, da zaman jin ra'ayin jama'a da hukuma ko kwamitin majalisa ke shiryawa, domin a nan za ka ga yadda kamfani da ƙungiyar masu amfani da wuta ke karanta lamba ɗaya su fitar da ma'ana biyu. Takardun da ba a wallafa ba sirrin ofis ne: kada ka ɗauki hotonsu, kada ka sa su a rahotonka sai mai kula da kai ya amince.

Wanda IT ya riga ya wuce shi yana da sauran dama. Cibiyar PLAC da ke Abuja na gudanar da shirin tura matasa kwamitocin Majalisar Tarayya, amma waɗanda suka kammala digiri take ɗauka, kuma sharuɗɗan na fitowa ne a sanarwar kowace shekara. A lokacin bautar ƙasa ma hukuma na iya rubuta wa NYSC ta nemi a turo mata kai, idan an tura ka jihar da ofishinta yake, kuma wasiƙar ta fi tasiri idan ta isa kafin a fita daga sansani. Shirye-shiryen ƙasashen waje sai an karanta sharaɗi da kyau: shirin WISE na Amurka, wanda ke kai ɗaliban injiniya birnin Washinton na mako tara, an tsara shi ne domin ɗaliban can, horon sakatariyar Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ba a biyan albashi, kuma sai ɗalibin shekarar ƙarshe ko mai karatun gaba da digiri ko wanda bai daɗe da gamawa ba.