Gidan da ba ya sayuwa da kuɗin awa'id: inda mutanenmu ke yin kuskure

A unguwannin Hausawan Sudan na Gadarif, Kasala, Wad Madani da Damazin, har da Mai Wurno, akwai gidaje da dama da ake zaune cikinsu shekara da shekaru amma ba mai ikon sayar da su. Wani gado ne da ba a raba ba, wani filin hiyaza ne da bai taɓa shiga rajista ba, wani kotu ce ta hana a taɓa shi saboda shari'a, wani kuma yana jingine a banki. Duk da haka ma'aikacin mahalliyya, wato ƙaramar hukuma, yana zuwa ƙofa da takardar awa'id, harajin da ake ɗora wa gine-gine.

Abin da aka fi ji a bakin mai gida shi ne: "Gidan da ba zan iya sayarwa ba, wace daraja gare shi da za a ce in biya masa haraji?" Maganar tana da daɗin ji, amma ba ta cin nasara a ofis. Ba da farashin sayarwa ake ƙiyasta awa'id ba. Ginin ake dubawa da hayar da zai iya kawowa: ɗaki nawa ne, da jalus (laka) aka gina shi ko jan bulo ko kankare, unguwar daraja ta ɗaya ce ko ta biyu ko ta uku, zaman iyali ake yi ko an fitar da shaguna a bakin titi. Gidan da takardunsa suka rikice ana kwana a cikinsa, ana kuma ba da hayarsa kamar kowane gida. Wanda ya ƙi biya da wannan hujja bashi kawai yake tara wa kansa. Ranar da Allah ya warware matsalar aka zo canja suna a rajista, za a nemi shaidar cewa ba a bin gidan awa'id, sai a tarar da bashin shekaru yana jira.

Akwai kuma masu yin akasin haka, kuma su na fi tausaya wa. An rubuta musu adadi mai nauyi, sai su biya shiru, don suna tsoron in suka yi magana za a tono batun takardu. Wasu ma dillali ne ya cika musu kunne da kuɗin da aka sayar da gidan maƙwabci, har suka yarda nasu ma haka yake. Ɗan'uwa, kana da ikon ƙorafi, amma ka yi shi a kan abin da ake aunawa. Ka rubuta takardar tazallum, wato ta ƙorafi, zuwa mahalliyya. Ka haɗa da hotunan ginin yadda yake, da yarjejeniyar haya in akwai ɗan haya, da abin da ake biya a gidaje irinsa a layinku. In an ƙirga maka ɗaki shida alhali huɗu ne da rumfa, ka faɗa. In an rubuta shago alhali zaure ne, ka nemi a zo a gani da ido. Ranar da takardar ta shigo hannunka ka tambayi wa'adin ƙorafi, kada ka bari sai ya wuce. Ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimi, domin maganar baka da ma'aikaci a ƙofar gida ba ta shiga fayil.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne ɗaukar rasit a matsayin takardar mallaka. Za ka ga dattijo ya buɗe akwati ya fito da rasit na shekaru masu yawa, ya ce ai gwamnati ta san gidansa ne tunda tana karɓar kuɗinsa. Rasit yana nuna ka biya, yana iya taimaka maka wajen nuna daɗewarka a wurin, amma bai mayar da kai mai gida a idon doka ba. Tun dokar rajistar filaye ta 1925 rajista ce madogara, sannan dokar 1970 ta ce duk filin da ba a yi wa rajista ba na gwamnati ne. Dokar mu'amalar jama'a ta 1984 ta maye gurbinta, ta amince da haƙƙin amfani ga wanda ke zaune, amma asalin mallakar ya ci gaba da zama a hannun gwamnati. Unguwanninmu da yawa sun kafu ne a kan izinin shehun unguwa da shaidar maƙwabta, shi ya sa abin ya fi shafar mu. Takardar da ke faɗin gaskiyar gida ita ce shahadat bahas daga ofishin rajistar filaye. A cikinta za ka ga sunan wanda ke kai, ko filin mallaka ne ko hikir (haya ta dogon lokaci), da duk wata jingina ko hanin kotu. Kafin ka yi jayayya da kowa, ka ciro sabuwa.

Rasit ɗin ma a kula da shi. Kada a ba kowa kuɗi sai da rasit na hukuma, a kuma duba cewa lambar fili da ta murabba'i (rukunin gidajen da filin yake ciki) daidai suke.

Gidan gado ya fi kowanne wuya. Mahaifi ya rasu, sunansa na nan a rajista, magada sun watsu: wani a Jidda, wata ta yi aure a Kano, wani a Bur Sudan. Wanda ke zaune a gidan shi ke biyan awa'id, a hankali sai ya fara jin gidan ya zama nasa, sauran kuma su ce ai bai taɓa biyan haya ba. Zumunci da yawa ya lalace a nan. Gyaran yana farawa daga kotun shari'a, a fitar da i'ilam shar'i mai ƙididdige magada da rabon kowa. Na nesa su aiko da tawkil, wato takardar wakilci, da ofishin jakadanci ya tabbatar. A duba sunaye da kyau, domin in an rubuta Mamman a tsohuwar takarda, Muhammad kuma a raƙam watani (lambar shaidar ɗan ƙasa), wannan kaɗai yana iya tsayar da aiki wata da watanni. Kafin a kammala, a zauna a rubuta wa ke biya, da ko za a cire masa daga gadon in an zo rabo.

Wasu in sun gaji sai su sayar da takardar tanazul kawai, wato ta sallama wa mai saye, da rahusa. Mai saye ya sayi rigima, sunan da ke rajista bai canja ba, bashin awa'id ma yana nan a kan gidan.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ƙara wani nauyi. Waɗanda suka koma Khartum da Madani sun tarar da gidaje ba ƙofa ba taga, wasu rufin ya faɗi, takardu sun ƙone ko sun ɓata. Kada ka yi gaggawar gyara kafin ka ɗauki hoto. Ka samu takardar shaida daga kwamitin unguwa, ka kai wa mahalliyya, ka nemi a sake ƙiyasi bisa halin da gidan yake ciki yanzu da tsawon lokacin da ya yi ba kowa a ciki. Takardun da suka ɓata kuma ka fara kai rahotonsu ga 'yan sanda, sannan ka tafi ofishin rajista da lambar fili da ta murabba'i ka nemi sabuwar shahadat bahas.