Kurakuran da ke tara ledar abinci a gida da yadda ake gyara su

Da yawa daga cikin ledar da ke toshe kwatocin unguwannin Kano da damina daga cefane take fitowa. Ana aika yaro ba kwando ba kwalba, ya dawo da manja a ƙulli, markaɗe a ƙulli, gishiri da daddawa kowanne da tasa, sannan a haɗa duka a baƙar leda. A ba ɗan aike kwando ko jakar buhu, kwalbar mai, da roba mai murfi ta markaɗe. Shinkafa, wake da gero kuwa a auno kwano biyar ko goma lokaci guda a Dawanau ko Kasuwar Rimi, a juye a bokiti mai murfi. Sai dai hatsin ya bushe sarai kafin a rufe, in ba haka ba zai yi fumfuna.

Ruwan leda ma yana tara shara sosai. Jaka ɗaya guda 20 ce, wato lita 10, don haka gidan da ke shan jaka biyu kullum yana zubar da leda 1,200 a wata. A tafasa ruwa, a bar shi ya yi minti ɗaya cur yana tafasa, ya huce, a zuba a wankakkiyar randa mai murfi. Inda ake ɓata aikin shi ne kowa ya tsoma kofinsa ciki. A ware moɗa guda ta ɗiba kawai.

Kuskuren da ya fi damunmu shi ne haɗa leda da zafi: naɗe tuwo, dafa alale, ƙulla koko. Zafi da maiƙo suna sa sinadaran leda su riƙa shiga abinci. A malmala tuwo da jiƙaƙƙen ƙoƙo a jera a kula, alale kuma a zuba a gwangwani da aka shafa wa mai. Gorar lemo da ake zuba kunu, mai lamba 1 a gindinta, motsewa take yi da zafi, don haka kada a zuba sai kunun ya huce. Robar da ke jure zafi ita ce mai lamba 5.

Kada a hura gawayi da leda. Hayaƙinta yana shaƙe ƙirji, musamman na yara da masu asma, ga shi mai girki ce ke fara shaƙa. Ƙirare ko kara sun isa. Kada kuma a yar da ledar da ta taɓa abinci a tsakar gida: akuya tana bin ƙamshin ta haɗiye, ledar ta dunƙule a tumbi, dabba ta yi ta ramewa.

Goruna da fasassun robobi a ɗauraye su, a tara a buhu daban don 'yan jari bola. In sun cakuɗe da miya da ruɓaɓɓen abinci, da wuya su ɗauka.