RAM biyu sun fi ɗaya, ko da jimillarsu ɗaya ce

Jama'a, in za ku haɗa kwamfutar gem da kuɗi kaɗan, kada ku sayi RAM (ma'adanar bayanai ta wucin gadi) guda mai 16GB. Ku ɗauki biyu masu 8GB, iri ɗaya. Farashin kusan ɗaya ne.

Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, na jan bayanai daga RAM ta hanya biyu a lokaci guda. In RAM ɗaya kuka sa, hanya ɗaya kawai ke aiki. Abin ya fi fitowa fili a furosesa irin Ryzen 5 5600G, wanda ba ya buƙatar katin hoto daban, domin da RAM ɗin yake zana hoton. Ni da RAM guda na fara, wasa na ta sarƙewa, har na zargi furosesan. Ina ƙara na biyun ya saki.

In babban allonku (motherboard, wanda ake ɗora kayan kwamfutar a kai) mai gurbin RAM huɗu ne, yawanci na biyu da na huɗu ake sawa, kuna ƙirgawa daga furosesa. Sannan ku shiga BIOS, wato shafin saitin babban allon, ku kunna XMP, saitin da ke ba RAM cikakken gudunsa, in ba haka ba RAM nau'in DDR4 mai gudun 3200 na iya tsayawa a 2133.

Amma fa in gurbi biyu ne kacal kuma kuna shirin kaiwa 32GB nan kusa, ku sayi 16GB guda yanzu, ku ƙaro irinsa daga baya. In kuka haɗa masu gudu daban, duka za su bi na mai jinkirin.