Darasi na 7: Aiki a ƙarƙashin wayar wuta

Toh jama'a, darasin yau na masu aikin hannu ne, birkila da kafinta da lebura da mai walda da direban tifa da yaran mota, har da makiyayi mai hawa bishiya ya saro wa shanu ganye, da uwargida mai shanya a saman bene. Duk wanda ya taɓa ɗaga wani dogon abu sama a kan titi ko a wajen gini to da shi ake. A karanta a hankali, inda aka ga lamba a tsaya a faɗe ta da baki sau biyu.

Ai babu wuta

Na fara da wannan kalma ne saboda ita ce ta fi kashe mana mutane. A wasu ƙasashen kowa ya san wayar da ke sama kullum da wuta a cikinta, don haka tsoronta ake ji, mu kuwa a nan wutar ce ba ta zama, sai a yi kwana biyu ko uku ba a kawo ba, har mutum ya saba ganin wayar nan kamar igiyar shanya, kuma dama Hausawa sun ce sabo turken wawa. Za ka ji kafinta yana kan rufi yana cewa yaronsa miƙo kwanon nan kawai ai NEPA sun ɗauke tun jiya. To wa ya gaya maka ƙarfe nawa za su dawo da ita? Mutumin da zai mayar da wutar yana can zaune a tasharsu, wataƙila tafiyar kilomita 20 daga inda kake, bai san kana kan rufi ba, ba zai aiko maka da saƙo ba, makunni kawai zai tura.

Sannan ko gidanku babu wuta hakan ba ya nufin wayar sama babu wuta. Taransfomar unguwa tana iya lalacewa wata guda kuna cikin duhu, amma babbar wayar da ta kawo mata wuta tana nan da ranta tana wucewa zuwa wata unguwar. Akwai kuma wani abu da mutane ba su cika sani ba, idan maƙwabcinka ya tada janareta ko yana da sola kuma wanda ya haɗa masa bai sa canji mai kyau ba, wato makunnin da ke raba wutar gidan da ta NEPA, wutar gidansa na iya komawa da baya ta hau wayar titi. Ka ga kenan NEPA ba su kawo ba amma wayar tana iya kama mutum. (Ina cewa NEPA ne don haka bakinmu ya saba, amma sunan ya koma PHCN tun 2005, aka kuma sayar da ɓangaren rarrabawa ga kamfanoni a 2013.)

Dokar farko kenan, rubuta ta a littafinka: kowace waya da wuta a cikinta, sai ma'aikacin wuta ya zo ya kashe da hannunsa ya gwada a gabanka.

Wayoyin ba iri ɗaya ba ne

Idan ka fita ka ɗaga kai za ka ga wayoyi huɗu a jere, ɗaya a saman ɗaya a jikin falwaya, waɗannan su ne ke shiga gidaje, ƙarfinsu bolt 230 zuwa 415. Kar ka raina su don an ce ƙanana, suna kisa sarai. Sama da su akwai guda uku a kan wani ƙarfe ko katako da aka gicciya, su ake kira hai tenshan, bolt 11,000 ko 33,000. Sai kuma manyan da ke kan dogayen turakun ƙarfe masu ƙafa huɗu, waɗanda ke ratsa daji da gonaki suna kwaso wuta daga irin su Kainji da Jebba da Shiroro, su kuma 132,000 ne ko 330,000, na TCN ne, kamfanin da ke dakon wuta daga tashoshi zuwa garuruwa. Irin wannan ce ta tashi daga Birnin Kebbi ta tafi har Yamai.

Wata dabara mai sauƙi, duba farantan tangaran ko na gilas da wayar ke rataye a jiki. Idan ɗaya ne ko uku wutar da ƙarfi, idan kuwa ka ga sun yi dogon jeri kamar an shirya faifai goma ko fiye, to wannan ba ta wasa ba ce ko kaɗan.

Yawancin wayoyin nan tsirara suke, babu roba a jikinsu. Wani zai ce to ai ga tsuntsu nan yana sauka a kai ba abin da ke samunsa. Tsuntsun waya ɗaya ya taka, ba ya taɓa ƙasa ba ya taɓa waya ta biyu, ita kuma wuta hanya take nema zuwa ƙasa, kai da ƙafarka ke kan ƙasa ko kan tsani ko kan gini kai ne hanyar. Shi ya sa jemage ko babban tsuntsu da ya buɗe fiffike ya haɗa waya biyu za ka gan shi a rataye ya bushe.

Abu na biyu da ya kamata ya zauna a kai: hai tenshan ba sai ka taɓa ta ba. Idan ƙarfe ya matso kusa sosai wutar tana tsallakowa ta cikin iska ta kama shi, abin da mutane ke cewa waya ta ja shi. Ba ja take yi ba, tsalle take yi, kuma yadda wutar ta fi ƙarfi haka tsallen ya fi nisa.

Tazara

A Najeriya akwai ƙa'ida kan filin da za a bar wa wayar, ba gini ba rumfa ba shago. Wayar 11,000 da ta 33,000 mita 11 ne, wato mita 5 da rabi kowane gefe. Ta 132,000 mita 30, 15 nan 15 can. Ta 330,000 mita 50, wato 25 kowane gefe. Hukumar NEMSA da aka kafa da dokar 2015 ita ke sa ido kan lafiyar kayan wuta. Mita ɗaya kamar babban taku ɗaya ne na namiji, don haka kana iya aunawa da ƙafarka.

Ni dai gaskiya na san abin da za ku ce, Malam ai rabin kasuwarmu a ƙarƙashin wayar take. Haka ne, kuma ba daidai ba ne, arhar fili ce ke jan mutane wajen, mai sayar da filin kuma ya karɓi kuɗinsa ya tafi gidansa da ke nesa da waya. A watan Afrilun 2017 a Kalaba wayar hai tenshan ta tsinke ta faɗo kan rufin kwano na wani gidan kallon ƙwallo ana tsakiyar kallon wasan Manchester United, mutane da dama suka rasu a wajen. Ba su hau falwaya ba, ba su taɓa komai ba, zaune kawai suke a inda bai kamata a yi gini ba.

Idan kuma aiki ne ya kai ka kusa, to kai da duk abin da ke hannunka kada ku matsa ƙasa da mita 3 daga wayar unguwa, manyan na daji kuwa a ba su mita 6 ko fiye. A lura na ce kai da abin hannunka. Rodi guda tsawonsa mita 12 ne, ko an lanƙwasa shi biyu mita 6 ne, lebura yana tsaye a kan dekin yana jan rodi daga ƙasa hankalinsa na kan nauyin da ke hannunsa bai ga inda ɗaya bakin ya nufa ba. Na san wani gini a unguwarmu da haka ta faru, yaron ya rayu amma hannun dama bai ƙara riƙe cebur ba. Rodi da fayif da dogon kwano da tsanin ƙarfe da sandar eriya da ƙafar kanofi na biki, duka a kwance ake ɗaukarsu, mutum biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Kuma a sa mutum guda wanda ba ya ɗauke da komai, aikinsa kawai kallon waya, in ya ce tsaya kowa ya tsaya ko oga ne.

Gora da itace ma ba a yarda da su. Busasshen katako da sauƙi, amma ɗanyen reshe ko gorar da ta sha ruwan sama ko raɓa tana ɗaukar wuta. Lokacin mangwaro a ja wa yara kunne da zungurar bishiyar da waya ta ratsa ta. Makiyayi ma kafin ya hau gawo ya duba inda reshen zai faɗa. Silifas na roba da safar hannu ta kasuwa ba sa tare bolt 11,000, safar da ma'aikatan wuta ke sawa daban take, gwada ta ake yi.

Direban tifa kafin ka ɗaga bodi ka sauko ka kalli sama, kuma kar ka ja mota bodi na sama. Masu haƙar borhol haka, kafin a miƙar da injin. Yaran mota da ke hawa saman lodin buhuna ko kan shanu, ku sani waya tana saki ta sauko idan rana ta yi zafi, inda kuka wuce lafiya da sanyin safiya ba lallai ku wuce da azahar ba.

Karatu: maigida da yaronsa

Mutum biyu su tashi su karanta.

Yaro: Maigida, kwanon nan fa zai kai wajen waya.
Maigida: Kai dai miƙo, babu wuta tun safe.
Yaro: Ka yi haƙuri maigida, in suka kawo yana hannuna fa?
Maigida: To ya kake so a yi, mai gini yana jira.
Yaro: Mu zagaya da shi ta bayan gida, can babu waya. Wannan gefen kuma a je ofishin wuta su kashe layin tukuna.
Maigida: Ka fi ni gaskiya. Kira ɗan'uwanka ku kama.

Ofishin wuta a Kano da Katsina da Jigawa KEDCO ne. Kaduna da Sakkwato da Kebbi da Zamfara na Kaduna Electric ne. Filato da Bauchi da Gombe da Binuwai na kamfanin Jos, Adamawa da Taraba da Borno da Yobe na Yola, Abuja da Neja da Nasarawa da Kogi kuma AEDC. A Nijar NIGELEC. Kada a kira ɗan unguwa mai filaya da tsani ya hau ya cire fis, wannan ba kashe layi ba ne.

Idan waya ta faɗo

Da damina ne abin ya fi yawa, iska ta kada falwaya ko reshe ya tsinka waya. Wayar da ke ƙasa ba lallai ta yi tartsatsi ko ƙara ba, tana iya kwanciya shiru kamar mesa. Wutar tana shiga ƙasa ta bazu a kewaye kamar yadda ruwa ke yi in ka jefa dutse a tafki, kusa da wayar da ƙarfi, nesa tana raguwa. Idan ka yi dogon taku ƙafa ɗaya tana inda ƙarfin ya fi ɗayar tana inda ya ragu, sai wutar ta hau ta wannan ƙafar ta sauka ta waccan. Shi ya sa saniya ke faɗuwa kusa da waya ba ta taɓa ta ba, tazarar ƙafafunta ta fi tamu. Don haka in ka tsinci kanka kusa, ba gudu, haɗe ƙafafunka ka riƙa jan su a ƙasa kaɗan-kaɗan ba tare da ɗagawa ba har ka yi nisan mita 10. Ka tsaya can ka hana yara da dabbobi zuwa, a kira ofishin wuta ko lamba 112. Kwata da ruwan da ya kwanta da shingen waya da ƙofar ƙarfe da ke kusa duk a guje su.

In kana cikin mota wayar ta faɗo a kanta, zauna ciki, ka hana kowa matsowa ya buɗe maka ƙofa. Sai fa in motar ta kama da wuta, to nan ka buɗe ƙofa ka yi tsalle ka dira da ƙafa biyu a haɗe, kada hannunka ya kasance a jikin mota lokacin da ƙafarka ta taɓa ƙasa, sannan ka ja ƙafa kamar yadda aka faɗa.

Mai wuya shi ne idan wuta ta kama ɗan'uwanka a gabanka. Zuciya za ta ce ka ruga ka fizgo shi, kuma ta haka ake yin gawa biyu uku a wuri guda. In wutar gida ce, ruga ka kashe babban makunni ko ka cire fis na mita, in ba hali ka tsaya kan busasshen katako ka ture shi da busasshiyar sanda. In hai tenshan ce babu sandar da za ta yi, a tsaya nesa a yi ta kiran masu wuta har su kashe, ko da kuwa ana ta yi maka ihu.

Bayan an raba shi da wutar a duba numfashi. In ba ya numfashi a kwantar da shi rigingine a kan ƙasa mai tauri, ka ɗora tafin hannu ɗaya kan ɗaya a tsakiyar ƙirjinsa kana dannawa da ƙarfi da sauri, sau 100 zuwa 120 a minti, kada a tsaya har a samu ma'aikacin lafiya ko ya farfaɗo. Ƙunar a zuba mata ruwa mai tsafta na kamar minti 20 a rufe da ƙyalle mai tsafta. Ba manja, ba ɗanyen ƙwai, ba makilin, kuma kada a ɗura wa wanda ya suma madara, ta huhu za ta bi. Ko ya miƙe ya ce garau yake a kai shi asibiti, don wuta ta ciki take ƙonawa, za ka ga ɗan tabo a hannu da wani a tafin ƙafa amma tsakaninsu ta yi ɓarna, kuma bugun zuciya na iya rikicewa bayan awanni.

Aikin gida

1. Rubuta waɗannan da lamba: dubu goma sha ɗaya, dubu talatin da uku, dubu ɗari uku da talatin.
2. Wani yana so ya sayi fili mai nisan mita 9 daga tsakiyar layin 132,000. Mita nawa ya rage ya fita daga filin waya?
3. Rodi mita 12 ne. An lanƙwasa shi biyu an tsayar a kan dekin mai tsawon mita 3. Bakinsa na sama ya kai mita nawa daga ƙasa?
4. Kawo dalili biyu da za su sa waya ta kama mutum alhali unguwa babu wuta.
5. A hanyarka ta komawa gida ka tsaya nesa da falwaya ɗaya ka ƙirga wayoyinta da farantanta, ka samo lambar wayar ofishin wutar yankinku ka rubuta a bangon littafin nan, mako mai zuwa kowa zai karanto tasa.