Yadda Ake Tabbatar da Zama Ɗan Ƙasa a Nijar, da Yadda Ake Rasa Shi

Zama ɗan ƙasa alaƙa ce ta doka tsakanin mutum da ƙasarsa: ita za ta kare shi, ta ba shi fasfo da damar zaɓe da aikin gwamnati, shi kuma ya bi dokokinta, ya biya haraji. A nan Maraɗi, inda ɗan Madarunfa ke da kawu a Jibiya, ƴar Ɗan Isa kuma ke aure a Katsina, mutane da yawa ƴan ƙasa ne tun ranar haihuwarsu, amma ba su da takarda ko ɗaya da za su nuna, kuma sai ranar da buƙata ta taso suke gane cewa hukuma ba ta aiki da "kowa ya san ubana".

Dokar da ke tsara wannan al'amari ita ce ta 23 ga Agusta 1984, wadda aka yi wa gyara a 1999 da kuma 2014. A ƙarƙashinta, duk wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ɗan Nijar ne, to shi ma ɗan Nijar ne, ko da a Kano ko Abijan aka yanke masa cibiya. Gyaran 1999 ne ya daidaita uwa da uba a wannan fanni, abin da har yau wasu dattawanmu ba su sani ba. Haka nan wanda aka haifa a Nijar, kuma ɗaya daga cikin iyayensa ma a Nijar aka haife shi, da jaririn da aka tsinta ba a san iyayensa ba, duk doka ta rungume su.

Tabbatarwa tana farawa ne daga takardar haihuwa. Idan a asibiti aka haihu, a karɓi shaidar da ungozoma ke cikawa, a bi ta har meri (ofishin magajin gari), kada a bar ta cikin jakar kayan jariri ta ruɓe. Idan a gida ne, a sanar da cibiyar rajista mafi kusa, domin dokar 2019 ta ba da kwana 60 ne kawai. Shawarata ita ce uba ya ɗauki wannan aiki a matsayin wani ɓangare na hidimar suna, ya gama shi a makon da ya sayi rago. Wanda wa'adi ya wuce masa sai ya je kotu tare da shaidu, alƙali ya yanke hukuncin da zai tsaya a madadin sanarwar, a rubuta shi a meri. Lokaci zuwa lokaci alƙalai kan fita ƙauyuka su yi wannan zama a bainar jama'a, kuma duk wanda ya ji an yi shelar haka a garinsu, ya tattara yaran gidan gaba ɗaya ya kai su.

Daga nan sai takardar shaidar zama ɗan ƙasa, wadda kowa ke kira nasiyonalite. Kotu ce ke bayar da ita, ba meri ba. Mai nema ya tafi da takardar haihuwarsa, da ta mahaifinsa ko mahaifiyarsa (ko nasiyonalite ɗin ɗayansu), da tambur (kan sarkin haraji da ake mannawa a takardun hukuma).

A wannan gaɓa ce mutane suka fi tuntuɓe, kuma ni kaina na gani a gidanmu. Ɗan yayata ya tashi haɗa takardun jarrabawar shiga aiki, sai ya dawo da yamma ya zauna a zaure, takardu biyu a hannu, ya ce mini: "Kawu, sun ce wai Baba ba shi ne ubana ba." Da na duba, a takardar yaron an rubuta sunan uban Mahaman, a ta uban kuwa Mamane, kuma shekarar haihuwarsa ma an kintata ta ne. Sai da muka koma kotu aka yi gyara, wa'adin jarrabawar kuwa ya riga ya wuce. Saboda haka, kafin ka bar gaban tebur, ka karanta suna harafi bayan harafi, ka gwada shi da na takardun iyaye. Idan ba ka karanta boko, ka tafi da wanda ya iya. Kada kuma ka yarda da ɗan tsakiyar da zai ce zai fito maka da takarda ba tare da ka bayyana ba, domin takardar da ba ta cikin rajista jabu ce, kuma mai riƙe da ita ne zai amsa tambaya.

Baƙo ma yana iya zama ɗan Nijar. Wanda ya shekara 10 yana zaune a ƙasar, mai halin kirki da hanyar abinci, yana iya shigar da buƙata, amma ba hakkinsa ba ne dole, gwamnati ce ke amincewa ko ta ƙi. Tun 2014, wanda ya auri ƴar Nijar ma yana iya nema bayan shekara 3 da aure, kamar yadda matar ɗan Nijar ke iyawa.

Batun rasawa kuwa, kafin 2014 wanda ya karɓi wata ƙasa da son ransa yakan rasa tasa ta Nijar, amma yanzu an halatta riƙe biyu, abin da ya sauƙaƙa wa iyalan bakin iyaka ƙwarai. Shawarar da zan jaddada ita ce suna da ranar haihuwa su zama iri ɗaya a takardun ƙasashen biyu. Har yanzu mutum na iya rasa ƙasarsa idan ya riƙe aikin gwamnati ko na sojan wata ƙasa bayan an umarce shi ya bari, kuma baƙon da aka ba shi zama ɗan ƙasa daga baya ana iya ƙwace masa idan aka same shi da laifin cin amanar ƙasa. A Agustan 2024 an fito da wata doka mai alaƙa da ta'addanci da tsaron ƙasa, wadda ta ba da damar janye zama ɗan ƙasa na wucin gadi, kuma a Oktoban shekarar aka yi amfani da ita a kan mutum 9. Ɓatan takarda dai ba ya cikin waɗannan dalilai: wanda gobara ko ambaliya ta cinye masa tasa, ya koma merin da aka yi masa rajista da lamba da shekarar takardar, a ciro masa kwafi daga littafi.